Yadda Ake Tafiyar da Haja Daga Hannun Mai Kawowa Zuwa Sito Ba Tare da Jari Ya Maƙale Ba

Duk katan ɗin da ke jibge a sito kuɗi ne da aka ɗaure. Idan ya yi yawa, jari ya kwanta, haya tana ci, kaya na tsufa. Idan ya yi kaɗan, mai saye zai zo ya tarar babu, ya wuce gaba, wataƙila kuma ba zai dawo ba. Aikin mai kula da haja shi ne tsayawa tsakanin waɗannan asarori biyu, kuma lambobi biyu ne ke riƙe da aikin gaba ɗaya: nawa ke fita a rana, da kwana nawa kaya ke ɗauka kafin ya iso. Duk abin da ke ƙasa a kansu aka gina shi.

Mataki na farko: littafi ya dace da abin da ke ƙasa

Kafin a yi maganar oda ko ciniki da mai kawo kaya, a rufe sito a ƙirga komai da hannu. Kowane nau'in kaya a ba shi lambarsa ta kansa, kuma bambancin girma ko launi ko yawan abin da ke cikin kwali ya sa ya zama nau'i daban. Mai dozin ɗaya a katan da mai dozin biyu ba abu ɗaya ba ne, ko da suna ɗaya suke ɗauke da shi. A nan ne kuskure ya fi ɓuya: a saro da katan, a sayar da guda-guda, littafi kuma bai faɗi guda nawa ke cikin katan ba. Ka zaɓi ma'auni ɗaya na rubutu, ka rubuta yadda ake juya shi zuwa sauran.

Bayan ƙidayar, doka ɗaya ce: babu abin da zai shiga ko ya fita ba takarda. Kayan da aka dawo da shi, wanda ya fashe, wanda aka bayar samfur, wanda mai gida da kansa ya ɗauka, duk a rubuta su a ranar. Ko littafin hannu ne, ko Excel, ko manhajar kwamfuta mai karanta lambar jikin kaya, duk za su yi aiki muddin ana rubutawa a kan lokaci. Manhaja mai tsada ba ta gyara lissafin da aka shigar da shi bayan kwana uku daga abin da aka iya tunawa.

Mataki na biyu: raba kaya gida uku

Ɗauki kowane nau'i, ka ninka yawan da ake sayarwa a shekara da kuɗin sarinsa, ka jera su daga babba zuwa ƙarami. Yawanci za ka ga 'yan nau'o'i kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar, su ne suka cinye mafi yawan kuɗin. Su ne rukunin A. Na tsakiya B, tarin ƙanana kuma C. Rukunin A a riƙa ƙirga su duk wata, ko duk mako idan masu saurin ɓata ne. B duk wata uku. C sau biyu a shekara ya isa. Ƙirga 'yan nau'o'i kowace safiya ya fi rufe kasuwanci kwana biyu a ƙarshen shekara, domin giɓin da aka gano cikin mako ana iya bin sawunsa, wanda ya shekara kuwa ya bi ruwa.

Wanda zai ƙirga kada a nuna masa adadin da ke littafi. Da zarar ya san ana sa ran 200, idonsa 200 zai gani. Akwai kuma kayan da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba amma rashinsa na tsayar da aiki, kamar ƙaramin ƙarfen gyaran inji ko kwalin da ake zuba kaya a ciki. Irin wannan a ɗaga shi zuwa A ko da lissafi ya ajiye shi a C.

Mataki na uku: yaushe za a sake oda

Kwanakin jira suna farawa ne daga ranar da ka ga buƙatar oda, su ƙare ranar da kaya ya hau kanta a shirye don sayarwa. Mutane da yawa kwanakin hanya kawai suke ƙirgawa, su manta da kwana biyun da takarda ta yi tana jiran sa hannu, da lokacin da banki ya ɗauka kafin kuɗi ya isa, da jiran mota ta cika, da kwastan, da sauke kaya da dubawa. Kada ka yi amfani da adadin da mai kawo kaya ya faɗa da baki. Duba oda goma na baya, ka rubuta ranar turawa da ranar isowar kowace.

A ce wani kaya yana fita katan 40 a rana, kwanakin jiransa 12. Kafin sabo ya iso za ka sayar da 480. In ka tura oda lokacin da saura 480 daidai, kusan rabin lokuta kaya zai yanke maka, domin ciniki yakan haura 40, mota kuma takan makara. Saboda haka ake ɗora kayan ko-ta-kwana a kai.

Hanya mafi sauƙi ta sanin adadinsu ita ce ka ninka cinikin rana mafi yawa da jira mafi tsawo: a ce katan 55 da kwana 16, ya ba da 880, cire 480, saura 400. Wannan hanyar tana ɗauka cewa munanan abubuwa biyu za su haɗu kullum, don haka takan sa a tara kaya fiye da kima. Ga kayan rukunin C babu laifi. Ga rukunin A ya kamata a ɗan wahala.

Nemo gwargwadon hawa da saukar cinikin rana (a Excel umarnin STDEV yana fitar da shi daga jerin lambobi), a ce 10. Nemo na kwanakin jira, a ce kwana 2. Ninka 10 da kanta, ka ninka da 12: 1,200. Ninka 40 da kanta, ka ninka da 2 sau 2: 6,400. Haɗa su, 7,600, ka danna alamar √ a kalkuleta: kusan 87. Idan kana son a cikin zagaye 100 na oda kaya ya ishe ka a 95, ninka da 1.65, ka samu katan 144. Idan 99 kake so, ninka da 2.33, ka samu 203. Layin sake odarka a matakin 95 ya zama 480 da 144, wato 624.

Ka sake duba lambobin nan biyu, 1,200 da 6,400. Da mai kawo kayan nan yana zuwa a rana ta 12 ba fashi, kayan ko-ta-kwana katan 57 kacal za su zama. Makarar kwana biyu nan da can ita ta kai su 144. Shi ya sa mai kawowa a kwana 15 daidai kullum yakan fi maka sauƙi a kan mai cewa kwana 8 amma wani lokaci ya yi 20. Tsayayyen lokaci kuɗi ne a aljihunka, kuma abu ne da za ka iya nema a teburin ciniki kamar yadda kake neman ragi.

Abin da ake gwadawa da layin 624 shi ne wanda ke sito, haɗe da wanda aka riga aka yi oda yana hanya, a cire wanda aka sayar ba a kai wa masu shi ba tukuna. Mai kallon sito kaɗai zai yi oda sau biyu a kan buƙata ɗaya, motoci biyu su iso tare. Idan kuma kayan na lokaci ne, mai tashi a wasu watanni ya faɗi a wasu, a yi lissafin da cinikin irin wannan watan na bara, a sabunta layin duk wata uku.

Mataki na huɗu: nawa za a saro

Kowace oda tana da kuɗin da ba ya canzawa ko kaya da yawa ne ko kaɗan: dako, takardu, cajin banki, lokacin ma'aikata. Ajiya ma tana da nata: ribar da jarin zai kawo da yana juyawa ko ruwan bashin da aka ci, haya, inshora, lalacewa, sata, da kayan da yayinsa ya wuce. Ka tara waɗannan na shekara guda ka raba da matsakaicin darajar hajarka. Da yawa sukan yi mamakin ganin ya kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye.

Tun 1913 wani injiniya a Amurka, Ford W. Harris, ya fitar da lissafin da ke daidaita su biyun. Ninka buƙatar shekara da 2, ninka da kuɗin oda ɗaya, raba da kuɗin ajiye guda ɗaya na shekara, ka danna √. A misalinmu buƙatar shekara katan 12,000 ce (40 a rana, ranakun aiki 300). Idan kuɗin oda ɗaya ya yi daidai da na ajiye katan 60 shekara guda, 2 sau 12,000 sau 60 ya ba da 1,440,000, √ ɗinsa 1,200. Oda goma ke nan a shekara. Ba sai ka manne wa adadin ba: ko ka ƙara rabinsa a kai don mota ta cika, jimillar kuɗin oda da ajiya da kashi 8 kawai zai ƙaru. In ka ninka shi biyu ne zai ƙaru da kashi 25.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne rangwamen sari mai yawa. Mai kawo kaya ya ce zai rage maka kashi 3 idan ka ɗauki na wata shida a maimakon na wata ɗaya. A odar wata-wata, katan yana kwana a sito rabin wata a matsakaici. A ta wata shida, wata uku. Ƙarin wata biyu da rabi ke nan. Idan ajiya na cin kashi 2 a wata, ka kashe kashi 5 don ka samu 3. Ragin kuɗin dako zai cike wani ɓangare, sai ka lissafa shi ma, amma ba a amsa irin wannan tayin a tsaye. Abin da ya fi shi ne ka ce ka amince da adadin wata shida a rubuce, a riƙa kawowa wata-wata, kana biyan abin da ya iso.

Mataki na biyar: zaɓen mai kawo kaya da rubuta yarjejeniya

Araha ba ta ado. Abin da za a gwada tsakanin masu kawo kaya shi ne kuɗin katan bayan ya sauka a sitonka: sari, dako, inshora, haraji, kuɗin tashar jirgi, sauke kaya, da kason da ke zuwa a lalace. Nemi samfur, ka ajiye ɗaya a rufe da sa hannun ɓangarorin biyu don ya zama abin gwaji idan gardama ta taso. Fara da ƙaramar oda. Idan kayan rukunin A ne, je ka ga wurin aikinsa da idonka, ka tambayi inda shi ma yake samo nasa kayan.

Takardar oda ta ƙunshi lambar kaya da cikakken bayaninsa, adadi da ma'auni, farashi da irin kuɗin da za a biya da shi, ranar isowa, wurin sauka, yadda za a ɗaure kayan, kwana nawa kake da su na kai ƙorafi, da wanda zai ɗauki nauyin dawo da wanda bai yi ba. Ga kaya mai wa'adi, rubuta mafi ƙarancin watannin da dole su rage masa ranar isowa. Kafin alƙalami, in ya zama dole, a raba shi: wani kaso lokacin oda, saura bayan an duba kaya ko an ga takardar lodi. Idan saƙo ya zo cewa mai kawo kaya ya sauya asusun banki, kada a tura ko sisi sai an kira shi ta lambar da aka daɗe da sani. Damfara ce da ta zama ruwan dare.

Mai shigo da kaya daga wata ƙasa dole ya san ƙa'idojin Incoterms masu fayyace wanda zai ɗauki kuɗi da haɗarin kaya tsakanin mai saye da mai sayarwa, waɗanda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya mai hedikwata a Paris take fitarwa tun 1936. Bugun 2020 yana da guda 11. A EXW kai za ka ɗauko daga ƙofar mai sayarwa, komai a wuyanka. A DDP shi zai kawo har wurinka ya biya haraji. A FOB alhakin kaya yana komawa kanka da zarar an ɗora shi a jirgin ruwa a tashar tashi. Wanda ya fi ruɗa mutane CIF ne: mai sayarwa ne ke biyan jirgi da inshora har tashar sauka, amma haɗarin kayan ya koma kanka tun daga tashar lodi, kuma inshorar da aka wajabta masa mafi ƙanƙanta ce. Idan kaya ya jiƙe a teku, kai za ka bi kamfanin inshora.

Maganar mai kawo kaya ɗaya ko biyu ba ta da amsa guda. Ɗaya yana ba ka farashi mai kyau da kusanci. Haɗarinsa kuma an gani a Japan a Fabrairun 1997, lokacin da gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke ƙera wani ƙaramin ƙarfen birki da kusan dukkan motocin Toyota suka dogara da shi, masana'antun Toyota suka tsaya cik. Abin da ya fitar da su cikin 'yan kwanaki shi ne sauran kamfanonin da ke hulɗa da su sun taru sun ƙera ƙarfen, albarkacin daɗaɗɗiyar alaƙa. Hanya ma tana yankewa: a Maris 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suez kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. Ga duk kayan da rashinsa zai tsayar da kai, riƙe mutum na biyu kana ba shi kashi 20 ko 30 na odarka don ya san kayanka ya kuma san ka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tabbatar kuma su biyun ba daga masana'anta ɗaya suke sarowa ba.

Mataki na shida: karɓa da ajiya

A ƙirga kaya gaban direba kafin a sa hannu. A buɗe wasu katan daga gaba, tsakiya da can ƙuryar mota, domin mai matsala ba a bakin ƙofa ake ajiye shi ba. Duk ragi ko lalacewa a rubuta a jikin takardar rakiyar kaya, a ɗauki hoto, direba ya sa hannu. Wanda ake shakka a kansa a ware shi gefe, kada ya shiga cikin na sayarwa.

Kafin a biya, takardu uku su dace: takardar oda, takardar abin da aka karɓa, da takardar neman biya. Mai yin oda, mai karɓa da mai biya kada su zama mutum ɗaya. Ko ma'aikata uku ne kawai a wurin, a raba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A sito, wanda ya fara shiga shi zai fara fita, mai wa'adi kuwa wanda ranarsa ta fi kusa. Wannan ba ya yiwuwa sai an tsara wurin yadda sabo zai shiga ta baya. Kaya a kan katako, nesa da bango, masu saurin fita kusa da ƙofa, masu nauyi a ƙasa, kowane layi da lambarsa a littafi.

Mataki na bakwai: riƙon alaƙa

Ga kowane babban mai kawo kaya, riƙe lissafin oda nawa suka iso a kan lokaci kuma a cike. Idan 17 cikin 20 ne, kashi 85 ke nan. Haɗa da kason da aka mayar da kwanakin da yake ɗauka kafin ya warware ƙorafi. Duk wata uku ku zauna da takardar a gabanku. Magana da lambobi tana rage musu, kuma sau da yawa za ka gano wani ɓangaren laifin naka ne: odar gaggawa, sauya adadi bayan an fara haɗawa, ko jinkirin biya. Ranar da kaya ya yi ƙaranci a kasuwa, mai biya a kan lokaci ake fara tunawa.

Faɗa masa gaskiyar abin da kake sayarwa da hasashenka na wata uku masu zuwa. Dalilin yana da zurfi. Idan ciniki ya ɗan tashi da kashi 10, mai kanti yakan ƙara odarsa da 20 don tsoro, babban dila ya ga haka ya ƙara 40, masana'anta ta ƙara aiki, bayan wata biyu kowa ya cika da kaya oda ta tsaya cak. Masana suna kamanta shi da bulala: hannu ya ɗan motsa, bakinta ya yi tsalle mai nisa. Kamfanin Procter & Gamble ya lura da haka a ƙunzugun jarirai na Pampers, kayan da amfani da shi ba ya wani hawa da sauka amma odarsa ke tashi da faɗuwa. Maganinsa oda ƙanana a kai a kai, da daina kumbura adadi lokacin ƙaranci da nufin a ba ka rabi.

Idan an ba ka zaɓin ragin kashi 2 in ka biya cikin kwana 10 a maimakon 30, lissafa shi: kashi 2 a kan kwana 20 ya kai kusan kashi 37 a shekara. In kana da kuɗin a hannu, ko bashin bankinka bai kai haka tsada ba, karɓa.

Abin dubawa duk ƙarshen wata

Raba kuɗin sarin abin da ka sayar a shekara da matsakaicin darajar hajarka. In ya ba da 8, kayanka na juyawa sau takwas, wato yana kwana kusan 45 a sito. Ƙara kwanakin da masu saye ke ɗauka kafin su biya ka, a ce 30, cire waɗanda mai kawo kaya ya ba ka, a ce 20. Kwana 55 ke nan kuɗinka yana waje, kuma duk lokacin da ciniki ya ƙaru, jarin da wannan giɓin ke buƙata yana ƙaruwa tare da shi. A yi wannan lissafin rukuni-rukuni, domin kaya masu gudu sukan rufa wa marasa motsi asiri a jimilla.

Sannan a fitar da jerin duk abin da ya yi kwana 90 bai motsa ba. Dakatar da odarsa nan take. Tambayi mai kawo shi ko zai karɓa ya musanya da wani, ko da da ɗan ragi. In bai yiwu ba, haɗa shi da kaya mai gudu, ko ka karya farashi mataki-mataki da ranar da ka sa wa kowane mataki. Kuɗin da aka saro shi ya riga ya tafi. Abin gwadawa yanzu shi ne abin da zai kawo yau da abin da zai kawo bayan wata shida an cire masa kuɗin ajiya. Wanda ya wuce wa'adi ko ya lalace a cire shi daga littafi da sa hannun mutum biyu, a rubuta dalilin da ya sa ya yi kwantai a gefen lambarsa, don mai yin oda ta gaba ya gani kafin ya sake sarowa.